Kukan da Aka Cire daga Waƙar Inna

Yaya,

Sallama, da gaisuwa ta ƙanwa zuwa ga wanta. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu ma nan ƙalau muke, sai ƙafar Inna da kan kumbura in ta daɗe a kan keken ɗinki.

Ga kaset ɗin da ka aiko a karɓa. Na naɗe shi a ɗankwali biyu, na sa cikin gwangwanin maɓallanta, na ba direban da ka ce. Ban ba shi da daɗin rai ba, gara in faɗa maka. Ka san tun da aka yi wa Inna aikin maƙogwaro, shekara uku ke nan, ko "a" ba ta sake furtawa ba, sai littafinta da biro. Muryarta kaf a duniya tana cikin kaset ɗin nan. Shi ya sa ma nake rubuto maka maimakon in kira, waya ba ta da amfani a wajenta, takarda kuwa tana riƙewa ta karanta, ta ninke, ta sake buɗewa.

Ka ce za a yi kashi na biyu na tsohon fim ɗin nan mai waƙoƙi, an ba ka aikin sauti, kuma suna son waƙar fitila da ainihin muryar da aka rera ta da ita, tunda kwafin tsohon fim ɗin ya ɓace. Ka san labarin, amma bari in maimaita maka, don tun da ka fara yini da abin sauraren nan a kunne sai an yi maka magana sau biyu. Shekara talatin da biyu da suka wuce aka kira Inna ta rera waƙar. Tauraruwar fim ɗin ce a gaban kyamara tana goge gilashin fitila tana motsa baki, murya ta Inna ce. A zamanin ba a rubuta sunan mai rerawa, don haka kowa ya tashi da sanin Tauraruwa ce. Ni kuma ina goye a bayan Inna, wata huɗu da haihuwa. A baiti na biyu na callara kuka. Inna ba ta tsaya ba, ta jijjiga ni ta ci gaba, har ana jin 'yar dariya a muryarta. Darakta ya ce a bar shi haka, tunda dama akwai jariri a shimfiɗe a cikin fim ɗin.

Sau nawa ta faɗa mana, lokacin tana da bakin faɗa? "Ba su rubuta sunana ba, amma Auta ta sa mini hannu." Duk wanda ya musa mata, baiti na biyu take kunna masa ta nuna ni da yatsa. Har na yi aure na fito ana ce mini jaririyar fitila a layinmu.

Da na karanta mata wasiƙarka sai ta ɗauki biro ta rubuta abu biyu ta ja musu layi. Na ɗaya, a rubuta sunanta. Na biyu, a dawo mata da kaset ɗinta. Ka ce na farkon an gama magana. To, Yaya, na riƙe ka da wannan.

Manajanmu ya ce silimarmu na cikin waɗanda za su fara nunawa. Ni da nake yaga tikiti ina haska wa mutane kujera shekara shida, yau ga fim ɗin gidanmu zai zo hannuna. Inna har ta yanka yadin da za ta sa ranar.

Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Amin wa alaikumus salam. Saƙo ya iso lafiya, na gode ƙwarai. Ki gaishe mini da Inna da kyau, ki ce ta rage zaman keken nan.

Ki kwantar da hankalinki, ke dai kin cika tsegumi tun kina ƙarama. Kaset yana hannun wanda ya san darajarsa. Ranar da na kunna shi a ɗakin aiki, Darakta da Furodusa suna zaune, babu wanda ya yi tari har ya ƙare. Furodusa ya cire tabarau yana goge ido. Na ce a raina, uwata ce wannan.

Sai dai aiki ne ja. Kaset ya tsufa, akwai shuu a ƙarƙashin muryar, akwai ƙarar fanka, akwai ƙofa da aka buga daga nesa, da sauran tarkace. Kwana tara na yi a kansa ina tsincewa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu na wanke shi tas. In kin ji za ki rantse jiya Inna ta shiga ta rera. Ban taɓa yin aikin da na yi alfahari da shi kamar wannan ba, kuma kyautata ce gare ta.

Labarin kashi na biyun ba zan ɓata miki ba. Yaran gidan sun girma sun watse, sai suka dawo za a sayar da gidan, suka tarar da fitilar. Tauraruwa ta dawo a matsayin kaka. Ku tanadi hankici.

Maganar suna kuma, ana kan shirya rubutun ƙarshe, ba sashena ba ne, amma ina bibiya. Ba zan samu zuwa ranar buɗewa ba, aiki ya yi mini yawa. Ki zaunar da Inna a tsakiya, layi na takwas ko na tara, nan sauti ya fi zama daidai.

Na gaishe ku.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata doguwa yau.

An buɗe jiya, nunin ƙarfe huɗu. Tun azahar layi ya kai bakin titi. Ban taɓa ganin tsofaffi sun cika silimarmu haka ba. Mata da jikoki riƙe a hannu, wani dattijo da sandarsa ya ce mini a tsohon fim ɗin ya fara ganin matarsa, tana layin gabansa tana kuka, ya miƙa mata hankici. Ya sayi tikiti biyu, shi kaɗai ya shiga, ya ɗora hularsa a ɗaya kujerar.

Na zaunar da Inna a layi na takwas kamar yadda ka ce, da sabon ɗinkinta da tabarau.

Da farko abin gwanin daɗi. Da aka nuno ƙofar gidan nan mai shuɗin fenti sai ɗaki ya ɗauki tafi. Da Tauraruwa ta fito da furfura, wata ta miƙe tsaye tana cewa "Allah sarki, Mama!" sai da na haska mata tocila ta zauna. Sabbin raye-rayen ne dai tsofaffi suka yi ta tsaki, wata ta ce wannan ai motsa jiki ne ba rawa ba. Matasa kuwa wayoyi sama, na gaji da hanawa.

Sai aka zo fitila. Muryar Inna ta fito, Yaya. Ɗaki ya yi tsit, sannan suka kama bi a hankali, mutum ɗari uku. Maza suna ta murza ido wai ƙura. Inna ta damƙe hannuna, leɓenta na motsi. Aka shiga baiti na biyu, ta juyo ta dube ni tana murmushi, ta ɗaga yatsa tana jira.

Babu. Waƙa ta wuce sumul, babu kuka, babu 'yar dariyar.

Ba mu kaɗai muka ji ba. Masu bi suka sarƙe, don kowa ya saba tsayawa a wurin nan. Wata daga baya ta ɗaga murya ta ce, "Ina jaririn?" Wani ya ce lasifika ce ta mutu. Kafin ka ce me, an juya ana yi wa Mai na'urar haska fim ihu ta tagarsa, wai ya mayar baya. Bawan Allah, ba ruwansa, har Manaja ya hau ya duba wayoyi. Dattijon nan mai hula ya fito kafin a tashi, ya ce mini, "'Yata, sun yi wa waƙar nan wanka har sun kashe ta." Yatsan Inna yana nan a sama, sai da na kama na sauke mata shi.

Na ce a raina, ba komai, saura suna. Ka san yadda muke aiki, da zarar sunaye sun fara hawa ake kunna fitilu a kashe na'ura, mu buɗe ƙofofi a share ɓawon gugguru kafin nuni na gaba. Ba mai zama karanta sunaye. Sati guda na yi ina roƙon Manaja ya bari su hau har ƙarshe sau ɗaya tak, ya yarda. Mutane suka fice, ya rage ni da Inna, da masu shara biyu sun jingina da tsintsiya suna jiranmu.

Mun karanta sunan direba. Mun karanta na mai dafa abinci, da na mai riƙe wa Tauraruwa lema. Mun ga naka, da manyan baƙaƙe, Inna ta taɓa ni ta nuna. Sannan aka rubuta waƙar fitila, a gabanta: rerawa, Tauraruwa.

Inna ta buɗe littafi ta rubuta, "A sake." Ta ɗauka idonta ne. Na hau na roƙi Mai na'ura, ya mayar. Muka sake karantawa tun daga direba. Da ya ƙare ta rufe littafin, ta sa biro a jaka, ta miƙe da kanta ba ta jira na kama ta ba. Muka isa gida. Ta cire ɗinkin ta ninke ta sa a ƙasan akwati.

A tsohon fim ba su rubuta kowa ba, mun haƙura. Yanzu an rubuta, an ba wata. Kuma shaidar da take da ita guda ɗaya an cire. Ka ci amanarmu ko kai ma an ci taka? Ka faɗa mini gaskiya, kada ka yi mini zaƙin bakin nan naka. Kuma ka aiko da kaset.

Auta

*

Auta,

Sallama. Na karanta wasiƙarki sau uku. Ina roƙon ki karanta tawa har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Maganar kuka, ni na cire, babu wanda ya sa ni. Ki fahimci aikinmu. Duk abin da ba murya ba ne kuma ba kiɗa ba, hayaniya ce a wajenmu, haka aka koya mana, haka kunnena ya saba. Sakan huɗu ne, kuma ya hau kan muryar, shi ya fi ba ni wahala, kwana uku na yi ina raba su. Da na gama na ji muryar Inna ita kaɗai, babu abin da ya tare ta, na ɗauka gata na yi mata. Wallahi ina kan aikin ban tuna ke ce ba. Layi nake gani a allo yana tsalle, na daidaita shi. Na san yadda wannan zai yi miki a kunne.

Maganar suna ta fi ƙarfina. Tauraruwa shekara talatin tana zuwa taro ana kunna waƙar nan tana motsa baki. Ta ce in aka bayyana ba muryarta ba ce, ba za ta fito ba, in ba ita kuma babu fim. Tun a zaman farko aka yanke haka, ni ƙaramin ma'aikaci ne a wurin. Na yi ta fatan in sun ji kaset ɗin zuciyarsu za ta karaya su canza. Na yi wa Furodusa magana sau biyu, ya ce mutane ƙuruciyarsu suka zo saya, kada a ɓata musu.

Kaset kuma, Auta, ban san yadda zan faɗa ba. Zaren ya tsufa. Bayan na kwafe, na sake kunnawa don in tabbatar, na'ura ta cinye shi. Na yi ƙoƙarin haɗawa, ya riƙa marmashewa a hannuna. Cikakken kwafin yana wajen kamfani a kulle, na sa hannu ba zan fitar ba. Abin da ke wajena sai guntayen da na yanke, suna cikin ma'ajin tarkace a kwamfutata, su ma ƙarshen wata ake sharewa in an rufe aiki.

Kada ki faɗa wa Inna maganar kaset yanzu, ki bari in zo da kaina in na samu sarari. Ki duba wani ɓangaren kuma, muryarta tana tashi a silima fiye da hamsin, dubban mutane suna kuka saboda ita. Wannan ma wani abu ne.

Ki yafe mini. Ki gaida ta.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama, don Inna ta hore mu da yin ta.

"Tun a zaman farko aka yanke." Kai ka rubuta, da hannunka. Na ɗauko wasiƙarka ta farko daga ƙarƙashin matashin Inna na duba. A ciki ka ce kun yi zaman farko satin da ya wuce, an gama maganar suna, a aiko da kaset. Ashe an gama ɗin, ba ka dai faɗi yadda aka gama ba. Ka san amsar kafin ka roƙa. Ka san in ka faɗi gaskiya ba za ta bayar ba, sai ka ba ta abin da take jira shekara talatin da biyu ta ji. Kukan da ka cire zan iya cewa kuskuren mai sana'a ne, ko da yake ban san yadda mutum zai kwana uku yana sauraren kukan ƙanwarsa bai gane ta ba. Wannan kuwa ba kuskure ba ne. Na tsani abin da ka yi, Yaya, kuma ina jin kunyar sunanka da na gani ya hau allonmu.

Wai kada in faɗa mata. Ka manta wa ke karɓar wasiƙa a gidan nan? Ina wajen aiki ta iso, ta riga ni karantawa. Na dawo na tarar da gwangwanin maɓallan da ka mayar mana, ta buɗe shi a kan cinya, ɗankwali biyu a ciki ba komai.

Tunda kana son labarin dubban mutanenka, ga shi. Mun shiga sati na uku, kullum a cike. Sun daina zagin Mai na'ura, sun gane daga can aka cire. Yanzu abin da suke yi, in an zo baiti na biyu, sai su yi kukan da kansu. Wasu mata uku ne suka fara, a layin baya. Yanzu ɗaki gaba ɗaya ne, tsofaffi da furfura, har dattijon nan mai hula, kowa ya buɗe baki "inyaa, inyaa", daidai wurin, ko sakan ba sa kuskurewa. Sannan su fashe da dariya, wasu su ƙare da hawaye. Manaja ya ce abin ya zama talla, matasa ma don shi suke zuwa. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa da tocila, mutum ɗari uku suna kwaikwayona ba wanda ya san ni.

Inna kullum sai ta zo nunin ƙarfe huɗu. Na hana, ta rubuta mini, "A can kaɗai nake jin kaina." Shekaranjiya wata mata ta zauna kusa da ita, mai kirki, har ta ba ta gugguru. Da aka gama waƙar matar ta share hawaye ta ce mata, "Baiwar Allah, kin ji murya? Tauraruwa ba ta tsufa." Ina kallo Inna ta buɗe littafi cikin duhu ta rubuta, ta miƙa mata. Na matso na haska. Kalma biyu ce: "Ni ce." Matar ta karanta, ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ai dukanmu ne, Mama. Ni ma in na ji ta sai in ga kamar ni ce."

Da a da ne, da sai ta kai ta gida ta kunna mata baiti na biyu ta nuna ni. Ta dube ni, na dube ta. Na kashe tocilar.

Ba sai ka nemi sarari ba, ba na gayyatarka. Inna ta ce in sa takardarta cikin tawa. Ban karanta ba, ta liƙe.

Auta

*

Yayan Auta,

Ina gaishe ka. Ina gaida matarka da jikokina. Ka yi haƙuri da rubutun.

Na ji aikinka. Muryar ta fita fes, ka iya. Amma wadda ke waƙar nan ba ta da goyo, ban san ta ba.

Sunan na bar musu. Waƙar ma su riƙe.

Ka ce abin da ka yanke yana cikin tarkacenka, za a share ƙarshen wata. Yau ashirin da shida. Ka aiko mini sakan huɗun nan. Kada ka wanke, kada ka gyara komai. Kukan 'yata ne, kuma a bayansa akwai dariyata, ita kaɗai ta rage mini.

In ka aiko, ka zo. In ka bari aka share, ka zauna inda kake.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
wadda ta rera